Tsohon jirgin ruwa ma aji ne, a daina ƙyashin kuɗin da yake ci

A kogin Hudson da ke jihar New York ta Amurka akwai wani jirgin katako mai suna Clearwater, wanda sama da shekara hamsin ke nan babban aikinsa ɗaukar 'yan makaranta. Tsawonsa mita 32, iska ce ke tura shi, ko da yake yana da inji na ko-ta-kwana. Aji guda ake zubawa a ciki, a yi awa uku a kan ruwa, a dawo da su gaɓa. An saka shi a ruwa ranar 17 ga Mayu, 1969, kuma an ƙera shi ne a kan fasalin jiragen dakon kaya da suka yi ta kai-komo a kogin a ƙarni na 18 da na 19, kafin jirgin tururi da jirgin ƙasa su raba su da sana'a. A 2024 ƙungiyar da ke riƙe da shi ta fito fili ta ce aljihunta ya bushe, in ba a kawo ɗauki ba aikin zai tsaya. Jama'a sun taimaka. Sai dai duk lokacin da aka yi irin wannan neman agaji, tambaya ɗaya ce ke tasowa: don me za a riƙa zuba kuɗi a katakon da kullum yake ruɓewa, alhali da kuɗin za a sayi littattafai da kwamfutoci, ko a gyara ɗakin gwaje-gwajen makaranta?

Ni ina tare da masu cewa a zuba. Dalilina ba son tsoffin kaya ba ne. Dalilina shi ne, ilimin ruwa da tarihin ruwa abu ɗaya ne da makaranta ta raba biyu, ta ba malamin kimiyya rabi, ta ba malamin tarihi rabi, yaro ya tashi bai san sun taɓa haɗuwa ba. A kan tsohon jirgi suke sake haɗuwa, a gaban yaron, hannunsa a jiƙe.

Abu na farko da ake sa yaran yi a Clearwater shi ne ɗaga ƙyallen da iska ke bugawa. Ƙyallen da sandunan da ke riƙe da shi sun haura tan ɗaya, kuma ba na'urar da za ta ɗaga shi. Ana raba ajin gida biyu, kowane ɓangare ya kama igiyarsa, a sa musu waƙar aiki, su ja tare. In ɓangare ɗaya ya riga ɗaya, ƙyallen karkacewa yake yi, kowa kuma yana gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a nan ba a allo aka rubuta wa yaro karin maganar ba, a kafaɗarsa yake jin ta. Daga nan a jefa taru a ja shi ta ƙasan kogi, a juye abin da ya kamo a kwarami mai ruwa. Akwai wani ɗan kifi mai faɗi da ke kwanciya a laka, idanunsa biyu a gefe guda, akwai ƙaguwa, akwai kifi mai siffar maciji. Yara su taɓa, su ƙirga, su auna, a mayar da su ruwa da ransu. Wani rukuni yana ɗibar ruwa yana gwada yawan iskar oksijin da gishirin da ke ciki, wani yana leƙen ƙananan halittun ruwa da madubin ƙara girma, wani yana kan taswira, wani kuma an ba shi sandar tuƙi.

Wannan kifi mai siffar maciji shi kaɗai ya isa darasin zango guda. Ba a Hudson ake haihuwarsa ba. A can tsakiyar tekun Atilantika yake ƙyanƙyashewa, a yankin da ake kira Sargasso, igiyar teku ta ɗauko shi yana ɗan mitsitsi, ya shigo kogin jikinsa garau kamar gilashi, ya zauna shekaru yana girma, sannan ya koma inda ya fito ya hayayyafa ya mutu. Yaron da ya riƙe shi a hannu ba sai an yi masa dogon bayani cewa kogin bayan gidansu da teku a haɗe suke ba. Haka ma batun gishiri. Hudson tsawonsa kilomita 507, kuma tumbatsa da janyewar teku na kaiwa har garin Troy, kusan kilomita 245 daga bakin teku, don haka ruwan sai ya yi sama na wasu awoyi, ya juyo ƙasa na wasu. Iyakar ruwan gishiri ba ta tsayawa wuri ɗaya. In an samu ruwan sama da narkewar ƙanƙara, ruwan daɗi ya tura ta kudu. In fari ya yi, ta hauro arewa har ta doshi Poughkeepsie, garin da mutanensa daga kogin suke sha. Yaran da suka auna gishirin yau, in wani aji ya zo bayan wata biyu ya auna a wuri guda, lambar da za su samu daban ce. Kimiyyar ke nan: ka auna, ka rubuta, ka tambayi abin da ya kawo bambancin.

Amma a tsaya a nan, da kowane jirgi mai inji zai iya aikin. Abin da ya sa nake cewa sai tsohon shi ne tambaya ta gaba, wadda yaro ba ya rasa yi: malam, ana cin kifin nan? Amsar kuwa tarihi ce tsantsa. Daga 1947 zuwa 1977 masana'antu biyu na kamfanin General Electric, a Hudson Falls da Fort Edward, sun zubar da sinadarin PCB a kogin, abin da aka ƙiyasta ya kai tan 590. Sinadarin ana amfani da shi a kayan lantarki, ba ya narkewa, ba ya ruɓewa da wuri, sai ya kwanta a laka, ƙananan halittu su ci, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, gubar tana taruwa a kitse mataki-mataki. A 1976 jihar New York ta hana kamun yawancin kifin kogin don sayarwa, gidajen da suka gaji kamun kifi tun kaka da kakanni suka rataye tarunsu. A 1984 aka sa kusan kilomita 320 na kogin a jerin wuraren da guba ta fi yi wa illa a ƙasar. Sai a 2009 aka fara yashe laka mai gubar, aka gama a 2015, bayan an kwashe sama da kubik mita miliyan biyu. Har yau hukumar lafiya ta jihar tana gargaɗin yara da mata masu shekarun haihuwa game da cin kifin. Tun kafin a gano wannan ma, mutanen Tarrytown sun kasance suna gane launin fentin da masana'antar motocin garin ke shafawa ranar da kalar da kogin ya koma.

Ruwa ba ya tsami banza. Lambar da yaro ya karanta a jikin kwalbar gwaji tana da masu ita, akwai wanda ya zuba, akwai wanda ya ba da izini, akwai wanda ya gani ya yi shiru, akwai kuma waɗanda suka ƙi yin shiru. Jirgin da yaron yake tsaye a kai na waɗannan na ƙarshe ne. Mawaƙin nan Pete Seeger da matarsa Toshi da wasu abokansu ne suka fara maganar a 1966, lokacin da kogin ke wari saboda najasar birane da dattin masana'antu. Tunaninsu mai sauƙi ne: mutum ba ya kare abin da ba ya so, ba kuma zai so kogin da ya juya wa baya ba, don haka a ƙera jirgi mai kyau irin na kakanni wanda zai ja mutane su sauko bakin ruwa su duba da idonsu. A 1970 jirgin ya je har Washington a lokacin bikin Ranar Duniya na farko, wato ranar wayar da kai kan kare muhalli. A 1972 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar tsabtace ruwa duk da Shugaba Nixon ya ƙi sa hannu. Ba na cewa jirgi guda ne ya kawo dokar. Masunta da lauyoyi da masana da yawa sun yi tsayin daka. Amma yaron da aka gaya wa wannan labari yana riƙe da igiyar jirgin ya koyi cewa kogi na iya lalacewa a hannun mutane, yana kuma iya farfaɗowa a hannunsu, kuma talakawa na cikin masu hannun. Ban san wani darasin zama ɗan ƙasa da ya fi wannan shiga jiki ba.

Sannan akwai jinkiri. Jirgin iska ba ya sauri, ba ya kuma tafiya inda kake so kai-tsaye. Dole matuƙi ya san inda iska ta dosa, ya san ko ruwa na hawa ne ko sauka, ya san inda zurfi yake. Inji ya yafe wa mutum duk wannan sani, shi ya sa wanda ke cikin jirgi mai inji zai iya ratsa kogi bai kalle shi ba. A jirgin iska, kogin shi ke ba da umarni. Akwai lokacin da ake cewa kowa ya yi tsit na ɗan lokaci, ba magana, ba waya. Yaron birni da ya taso cikin ƙarar motoci yana jin ruwa na bugun katako, watakila karo na farko. Wasu za su ce wannan ba karatu ba ne. Ni kuwa ina ganin lura ita ce tushen kimiyya, kuma ba a koyon lura cikin hayaniya.

Tarihin da ake koyarwa a irin waɗannan jirage bai kamata ya zama na kirari kawai ba, kuma nan ne nake da sharaɗi a kan masu wannan aiki. Jiragen Hudson sun yi dakon hatsi da katako da dutse da bulo zuwa birnin New York, gaskiya ne, amma cikin masu lodi da masu jan igiya akwai bayi 'yan asalin Afirka, domin sai a 1827 bauta ta ƙare a jihar. Kafin su duka akwai mutanen ƙasar na asali da aka raba da gaɓar kogin. Katakon da aka sare, da kifin da aka kwashe har ya kusa ƙarewa, duk jirage ne suka ɗauke su zuwa kasuwa. Babban kifin nan da ake kira sturgeon, wanda a da saboda yawansa ake sayar da namansa da araha a Albany, tun 2012 yana cikin jerin halittun da ake tsoron ɓacewarsu. In malami ya nuna wa yara kyawun jirgi ya ɓoye wannan, yawon shaƙatawa ya kai su. Abin farin ciki, akwai jiragen da ba su da abin ɓoyewa don labarin shi ne aikinsu. A shekarar 2000 aka ƙera kwatankwacin jirgin Amistad a Mystic da ke jihar Connecticut, don koya wa ɗalibai labarin 'yan ƙabilar Mende da suka ƙwace jirgin masu safarar bayi a 1839 a ƙarƙashin Sengbe Pieh, suka yi nasara a Kotun Ƙolin Amurka a 1841, waɗanda suka rayu suka koma Saliyo.

Jirgin da labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Ernestina-Morrissey, wanda shi tsoho ne na gaske, ba kwaikwayo ba. An ƙera shi a 1894 a Essex ta jihar Massachusetts don kamun kifi a tekun arewa. Daga 1926 zuwa 1945 Kyaftin Bob Bartlett ya riƙa kai masana da samari 'yan koyo yankin ƙanƙara na arewacin duniya da shi. Ya yi gobara a 1947 ya nutse, aka tsamo shi. A 1948 wani ɗan tsibiran Cape Verde, Henrique Mendes, ya saye shi ya sa masa sunan 'yarsa, ya riƙa ratsa Atilantika da shi yana kai mutane da kaya da saƙonni tsakanin tsibiran da 'yan'uwansu mazauna Amurka. Bayan Cape Verde ta samu 'yanci a 1975, ƙasar ta gyara jirgin ta ba da shi kyauta ga mutanen Amurka a 1982. Ƙaramar ƙasar Afirka mai fama da fari ce ta yi wa babbar ƙasa kyauta, kuma kyautar ta zama makaranta. Ɗalibin da ya kwana a cikinsa yana kwance ne inda masunci ya kwanta, inda masanin ƙanƙara ya kwanta, inda ɗan ci-rani ya kwanta yana tunanin gida. Wane littafi ne zai haɗa masa kamun kifi da sauyin yanayi da ƙaura a shafi guda haka?

Masu ƙorafin kuɗi suna da gaskiya a wani fanni, kuma ba zan rage musu ba. Jirgin katako ba a gama gyaransa. Ernestina-Morrissey ya shafe shekaru a wurin gyara a jihar Maine daga 2015, an kashe miliyoyin daloli. Clearwater ma an sauya masa katakon jiki sashe-sashe. Kafintocin da suka iya aikin kaɗan ne, itacen da ya dace yana wuyar samu. In aka raba kuɗin a kan yaran da suka hau, awa ukun nan ta fi awa uku a aji tsada nesa ba kusa ba. Amma ai ba a auna ɗakin karatu ko gidan tarihi da wannan sikelin, ba a kuma ce a rufe su don waya na ɗauke da hotuna. Abin da ya fi damuna a batun kuɗi daban ne: in aka bar jirgin ya rayu da kuɗin da makarantu ke biya kaɗai, to makarantun masu hali ne za su hau, 'ya'yan unguwannin da suka fi kusa da bututun datti su tsaya a gaɓa suna kallo. Don haka nake ganin hukumar ilimi ce ya kamata ta ɗauki nauyin, kamar yadda take biyan albashin malami, ba a bar masu jirgi suna bara kowace shekara ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na rai. Ruwa ba ya wasa, kuma an yi asara. A watan Mayun 1961 jirgin makaranta mai suna Albatross ya kife a mashigin tekun Meziko, mutum shida suka mutu, huɗu daga ciki ɗalibai. A Fabrairun 2010 jirgin Concordia, mai ɗauke da ɗaliban wata makarantar Kanada, ya kife a tekun Brazil ya nutse cikin mintoci. Mutum 64 ne a ciki, kuma dukansu sun tsira, bayan sun shafe kusan kwana biyu a ƙananan jiragen ceto. Binciken hukumar Kanada ya nuna cewa jami'in da ke kan aiki bai fahimci iyakar iskar da jirgin zai iya jurewa ba, kuma akwai ƙofofi a buɗe da ruwa ya bi. Darasi biyu ke nan a hatsari ɗaya: ƙarancin horo ya kifar da jirgin, atisayen da aka saba yi wa ɗaliban kuma ya fitar da su da rai. Amurka ta yi doka ta musamman a 1982 kan jiragen koyarwa masu tafiya da iska, wadda ta sa su ƙarƙashin binciken dakarun tsaron gaɓar teku. Wanda ba zai iya cika irin waɗannan sharuɗɗa ba, kada ya ɗauki ɗan kowa. A kan wannan ba ni da sassauci ko kaɗan.

Mu a nan arewacin Najeriya ba mu da teku, amma ba baƙin ruwa ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya ci karo da kwale-kwalen da masana suka ce ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita takwas, shi ne mafi tsufa da aka gano a Afirka. Wannan ba na hawa ba ne, na adanawa ne, amma me zai hana a sa masassaƙa su sassaƙa irinsa, yara na kallo? Tafkin Kainji da aka tare a 1968 ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Kwara, ya halaka a 1806, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, ga masunta a Yawuri da suka san kowane kifi da sunansa da lokacinsa. Ga Argungu da kogin Matan Fada. Ga Baro, inda a da kayan da suka biyo Kwara kan hau jirgin ƙasa zuwa Kano, a layin da aka kammala a 1911. Ga ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru, ga tafkin Chadi da ya ja baya. Duk wannan manhaja ce a shimfiɗe, amma ɗalibinmu na sakandare yana zana tarwaɗa a littafi don jarrabawa, bai taɓa tambayar masunci me ya sa giwan ruwa ya yi ƙaranci ba.

Na san abin da uba zai ce, kuma ba zan ga laifinsa ba. Bai manta jirgin da ya kife a Wara ta jihar Kebbi a Mayun 2021 ba, bai manta na Patigi a Yunin 2023 da ya ci 'yan biki sama da ɗari ba. Amma abin da ke kashe mutanenmu a ruwa sananne ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare, ruɓaɓɓen katako, kututturan da ke ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar ruwa. Nisanta yara daga kogi bai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don gobe za su hau jirgin zuwa kasuwa ko biki ba tare da sun san komai ba. Yaron da aka fara ɗora shi a jirgi da rana, sanye da rigar ruwa, aka ƙirga su kafin a tashi, aka nuna masa layin da bai kamata ruwa ya wuce a jikin jirgi ba, shi ne zai girma ya ƙi shiga jirgin da aka cika maƙil, ya kuma hana uwarsa shiga.

Abin da nake nema wurin ma'aikatun ilimi na Kebbi da Neja ba wani abu mai yawa ba ne. Babban jirgin katako ɗaya, ƙirar gida, wanda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta duba ta amince da shi. Rigar ruwa daidai jikin yara, ɗaya ga kowane kai. A yi tafiyar da rani, da safe, kusa da gaɓa, jirgin ceto na biye. A haɗa malamin kimiyya da ma'aikacin cibiyar New Bussa, a ba su kwalaben gwaji da madubi, su nuna wa yara dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya da kuma dalilin da ya sa taru mai ƙananan idanu ke ƙarar da kifi. Sarkin ruwa kuwa a shigar da shi a matsayin malami, sunansa a takardar biya, ba a kira shi ya yi tuƙi a sallame shi da goro ba.